Hoton Watan Mayu

Zuwa ga maigidana Ishaku, Baban Godiya,

Bayan gaisuwa mai yawa. Na so in rubuta cewa ina fata kana lafiya, sai alƙalamin ya tsaya, don inda kake an wuce maganar lafiya da rashinta. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Babu mai kai maka ita, ba ni kuma da niyyar nuna wa kowa. Amma akwai maganar da ta cika mini ciki tun shekaranjiya, kuma duk unguwarmu ta Romi ban ga wanda zan faɗa wa ya gane ba sai kai. To ka yi haƙuri ka saurara, yau dai ba ka da damar katse ni.

Bari in fara da labarin gida. Godiya tana nan lafiya, ta shiga shekararta ta ƙarshe a makarantar jinya, har ta fara yi mini faɗa a kan gishiri kamar ita ta haife ni. Gwandar da ka shuka a bayan kicin ta yi 'ya'ya, jemagu sun riga mu ɗanɗanawa. Shago yana tafiya, ɗinkin Kirsimeti da na Ista sun yi auki. Lambatun ƙofar gida da kake ta cewa za ka gyara yana nan yadda ka bar shi, na hana kowa taɓawa, ni ma ban san dalili ba. Abokan aikinka na kamfani a Kudenda suna leƙowa jefi-jefi. Matan zumunta na coci kuwa ba su yar da ni ba, Allah ya saka musu.

Yanzu sai maganar wayarka, kuma ba za ta yi maka daɗi ba.

Bayan mun dawo daga biso a ƙauye, aka zauna rabon kayanka yadda aka saba. Aka wanke rigunanka da wandunanka, aka goge, aka ba kowa nasa, don ba a miƙa wa mutum kayan mamaci ba wanki. Yayanka Ayuba, da yake shi ne babba, ya ce waya ta Godiya ce. Ban yi musu ba. A lokacin ko sunana aka tambaye ni sai na tsaya tunani. Matsalar ita ce da babban yatsanka wayar take buɗewa, yatsan kuwa mun baro shi a ƙauye. Lambar sirrin ba wanda ya sani. Ni ban taɓa tambaya ba, tunda kullum a buɗe kake miƙo mini ita.

Yaya Ayuba ya ɗauka ya kai wa masu gyara a Sabon Tasha. Suka ce masa ba za ta buɗu ba sai an yi mata fulashin, komai zai fita, ta dawo fes kamar sabuwa. Shi kuwa da ya ji an ce fes, sai ya ga ai daidai ke nan. An wanke riga, an wanke wando, me zai hana a wanke waya kafin a ba yarinya? Har sabuwar riga ya saya mata, ya kawo yana murmushi, yana jiran godiya.

Ishaku, na buɗe wurin hotuna na tarar da shi wayam. Hotunan shekara da shekaru! Tsuntsayenka, ganyayenka, kogin nan da ka ɗauka ta kowace kusurwa, ko ɗaya babu. Godiya ta yi ta bincike, wai akwai inda waya take ajiye hotuna a intanet. Ashe ka kashe shi tuntuni, wai yana shan data. Wannan tsumulmula taka! 'Yan kaɗan ɗin da ka taɓa tura mata sun ƙanƙance a hanya, da an buɗa su sai su farfashe. Ranar na yi kukan da ban yi a bakin kabarinka ba. Ban zagi yayanka ba, tarbiyya ta hana, amma na yi watanni ina gaishe shi da baki kawai.

Ka tuna kalandarka? Kullum kana cewa idan ka yi ritaya za ka zaɓi hoto goma sha biyu ka buga, kowane wata da nasa, duk daga wannan gefen gadar kogi, inda muke zaune. Abin yana ci maka rai yadda mutane suke ɗauka nan ba komai sai hayaƙin kamfani da kwata da cunkoson motoci. Kana son su rataya a bango su ga abin da suke wucewa kowace safiya ba su duba ba. Shi ya sa ba ka yarda ka raba hotunan ba, wai sai ka tace.

To ka san al'ada, idan mutum ya cika shekara ana addu'ar tunawa, a buga kalanda da fuskarsa a raba wa jama'a. Tun a watan Yuni 'yan'uwanka suka zauna, har sun zaɓi hotonka na ranar auren ƙanwarka, wanda ka sa malum-malum kana hararar mai ɗauka. Na miƙe a gabansu na ce kalandar da za a raba ita ce wadda kai ka so bugawa. Fuskarka za ta shiga, ƙarama a gefe, sauran fili kuwa na hotuna ne, kuma ni zan ɗauke su, da wannan wayar, kowane wata a cikin watansa. Suka kalli juna. Na ga abin da suke tunani, wai baƙin ciki ne yake magana, zai wuce. Godiya ce kaɗai ta tashi ta ɗauko wayar ta sa mini a hannu.

Na je Makera wurin Malam Habu mai buga katin biki, in ji yadda ake yi. Da na ce masa kalandata daga Yuni za ta fara ta ƙare a Mayu, ya yi dariya har da riƙe ciki, wai Madam, shi tunda yake bai taɓa buga shekara daga tsakiya ba. Ya ce in ma hotunan daji nake so, zai sauko mini da masu kyau daga intanet, har da duwatsu masu ƙanƙara. Na ce masa ni ƙanƙarar da na sani a firij take. Da ya ji labarinka sai jikinsa ya yi sanyi, ya yi maka addu'a, ya ce in kawo su kafin sati biyu ga taron, zai yi aikin da hannunsa.

Faɗa da baki ba wuya. Hotunana na farko, da ka gan su da ka shige ɗaki ka rufe ƙofa. Yatsana a kusurwa, rabin itace, sama fara fat kamar an watsa madara. Sai na fara tuno ƙunƙunin da kake yi kai kaɗai idan kana ɗauka. Ashe ina ji duk da ina nuna ban ji ba. A goge idon kyamara tukuna, don aljihu yana shafa mata maiƙo. Ni da bakin zanina nake gogewa. Kada a ja hoto da yatsu don a kawo abu kusa, a taka da ƙafa a je wurinsa. A taɓa abin da ake so a fuskar wayar har ya fito sarai. Rana ta kasance a baya ko a gefe. A manna gwiwar hannu a jiki, a riƙe numfashi, sannan a danna. Kuma a fita da sassafe ko da yamma lis, don ranar tsaka ba ta yi wa kowa kyau. Na gane wannan da kaina ranar da na ɗauki masara da azahar ta fito kamar an dafa ta.

Hoton Agusta shi ya fi ba ni wuya. Na bi ta bayan Kudenda zuwa bakin kogi lokacin da ya cika ya yi ja. Na ɗauka, na dawo gida, na ga ruwan ya karkace kamar zai zube ta gefe ɗaya. Ni da na yi rayuwata ina daidaita bakin zani, in bar kogi a karkace? Na koma. Zuwa na biyu santsi ya kwashe ni, na zauna daɓas cikin taɓo, hannuna a sama riƙe da waya. Masu gadin wani kamfani suka tare ni a hanyar dawowa, wai me nake ɗauka kusa da katangarsu. Na nuna musu zalɓe a tsaye kan dutse, ruwa na gudu a bayansa. Ɗayansu ya daɗe yana kallo, ya ce shekarunsa nawa a wurin bai san akwai irin wannan tsuntsu a bayansu ba. Na tafi gida da taɓo har wuya ina jin daɗi.

Mutanen Romi kuwa sun sami abin magana. Wai matar marigayi Ishaku tana yawo cikin ciyawa da asuba tana durƙusa wa furen kabewa. Matar fasto ta zo har shago, ta zauna ta yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ta tambaye ni ko ina samun barci. Na ce mata ina samu, malam-buɗe-littafi ne dai ba ya zama wuri ɗaya. Na yi kusan sati ina bin sa kafin ya yarda ya sauka a fure ya buɗe fikafikai. Shi ne hoton Satumba, kuma ban taɓa yin abin da na yi alfahari da shi haka ba tun haihuwar Godiya. Na Oktoba bai yi kyau ba. Belbelu ne a bayan shanu, sun tashi daidai lokacin da na danna, sai fari-fari kawai kake gani. Na so in sake a Nuwamba in ce na Oktoba ne, wa zai sani? Sai na tuna kai za ka gane daga kalar ciyawa, na bar shi yadda yake. Disamba na sami bishiyar gurjiya ta yi jan fure ba ganye ko ɗaya. Maris kuwa furen ɗorawa na reto, ƙudan zuma sun kore ni sau biyu.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Duk lokacin da kake kwanciya a bakin lambatu kana ɗaukar kwaɗo, ni kuma ina ɗaga murya cewa babban mutum da kai za ka ja mana abin faɗa, daga nan taga nake komawa in ɗaga labule in yi ta kallonka. Ban taɓa ganin fuskarka a sake ba kamar lokacin nan. Mutumin da ya yini cikin ƙarar inji ya dawo yana lallaɓa kwaɗo don kada ya tsorata! Ina jin daɗin cewa mijina ne. Me ya hana ni faɗa? Na ɗauka akwai lokaci, shi ke nan.

Kuma ina fushi da kai, wannan ma ka sani. Ranar da ka tafi gona a Kakau, ka bar maganin hawan jininka a kan tebur. Na gan shi bayan ka fita. Ka ce shamuwa ta iso, ta fara gyara sheƙa a kan rimin bakin gonarmu, za ka je ka duba kunyoyi ka dawo kafin la'asar. Da yamma sai ga kiran Malam Isa, maƙwabcin gonarmu. Abin da na riƙe daga maganarsa shi ne ya same ka rub da ciki a ƙasa, waya a hannunka. Likita ya ce zuciya ce. Shekara guda ke nan ina ganin abin a idona: kana tafe, jiri ya kwashe ka, ka faɗi fuska a ƙasa, kana laluben waya ka kira ni, ba kowa kusa. Ka daɗe a haka? Ka ji zafi? Ka kira sunana ina nan ina taka keke ban ji ba? Ko ina cikin waƙa a coci, wannan tambayar sai ta faɗo mini a rai.

Shi ya sa tun ranar ban taka Kakau ba. Gonar ma Malam Isa ne ya noma ta bara, ya aiko mana da rabonmu. Amma hoto goma sha ɗaya sun kammala, saura na Mayu, kuma na san wanne ne. Kai da bakinka ka sha faɗa cewa shafin Mayu na shamuwa ne a kan rimin nan. Na yi ta neman hanyar zillewa. Na ɗauki hadari daga ƙofar gida, na ɗauki shinge masu fikafikai ranar da suka fito bayan ruwa, duk na san yaudarar kaina nake yi. Ga Malam Habu yana jira, ga kwanaki suna tafiya. Godiya ta ce kada in je, ga yadda hanya ta zama, ga kuma zuciyata. Na ce mata ko da rarrafe ne sai na je.

Ba ni da mai kai ni sai yayanka. Na je gidansa na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, karo na farko tun abin wayar nan, na ce ina roƙon ya ɗauke ni a mashin. Bai tambayi komai ba. Shekaranjiya gari na wayewa yana ƙofar gida.

Kakau ta canza, Ishaku. An yanka filaye a bayan rimin, gidaje sun tashi, rufin kwano sai walƙiya yake, ga turakun wuta an jera. Malam Isa ya tarye mu, muka gaisa, ya yi mini ta'aziyya kamar jiya abin ya faru. Ya ga rana ta fara ɗagawa ya ara mini malafarsa. Ya so ya nuna mini inda ya same ka, na ce masa don Allah ya bari, aiki ya kawo ni. Suka koma gefe shi da Yaya Ayuba suka tsaya.

Shamuwa tana nan. Su biyu ne, ɗaya a cikin sheƙa, ɗaya tsaye a reshe da farin cikinta. Na goge kyamara na ɗaga. Kwano ya shigo. Na matsa dama, turken wuta ya shigo. Na koma baya, na zagaya ta wajen rafi, rana ta dawo cikin idona. Na tsuguna, gidajen suka ragu amma ba su ɓace ba. Na yi ta zagaye ina duba waya, ban ma san inda ƙafata take kai ni ba, har na iso bayan wata tsohuwar kunya kusa da suri. Na durƙusa, na ga saura kaɗan. Sai na ce to, zani dai wanki ake yi masa. Na kwanta rub da ciki. Malafa ta tokare ƙasa ta rufe mini ido, na cire ta na ajiye a gefe. Na kafa gwiwoyin hannu biyu a ƙasa. Nan take kunyar ta haɗiye gidajen, surin ya rufe turken, ba abin da ya rage sai rimi da sama da tsuntsu biyu.

Ban kai ga dannawa ba na ji wani sauti a bayana. Na waiga, na ga yayanka ya dafe kai yana kuka, irin kukan manya da ba ya fita da kyau. Malam Isa kuwa salati yake ta yi. Da ya samu ya yi magana, ya ce mini a nan ne, daidai nan, kuma haka ya same ka. Gwiwoyin hannunka a kafe a ƙasa, ƙafarka ɗaya a kan ɗaya, malafarka a ajiye a gefe, har ka ɗora mata dutse don kada iska ta ɗauke. Ya ce da ya hango ka daga nesa bai yi gaggawar zuwa ba, don ya saba ganinka a haka, ya ɗauka kana aikinka ne. Shi ya faɗa mana a lokacin cewa a kwance ya same ka. Mu ne muka ji kwance muka ɗauka faɗuwa ce, shi kuma ya ga halin da muke ciki bai ƙara komai ba.

Wanda jiri ya kayar yana tsayawa ya ɗora wa malafa dutse? Yana harɗe ƙafa? Ashe da kanka ka kwanta, Baban Godiya. Ka zagaya kamar yadda na zagaya, ka nemi wurinka, ka same shi, ka gyara kwanciya. Idonka yana kan abin da ka je nema. Shekara guda ina tausaya maka a kan wahalar da ba ka sha ba.

Na kifa kai a ƙasar nan na yi kuka na ƙoshi. Yaya Ayuba ya matso zai ɗaga ni, na ce ya bar ni, ban gama ba. Hotunan farko duk suka lalace. Ta kan reshen ta tashi ta tafi, na jira. Ƙasa ta yi zafi, tururuwa suka same ni, na jira. Mutanen nan biyu suna tsaye a bayana. Can sai ga ta ta dawo da kara a baki, ta buɗe fikafikai za ta sauka. Na riƙe numfashi.

Gobe da safe zan kai wa Malam Habu, kuma yayanka ne zai kai ni. Ya ga hoton a hanyar dawowa, ya tsaya a gefen titi ya daɗe yana kallo. Taron Lahadin ƙarshen wata ne. Duk wanda ya zo zai tafi da kalanda mai farawa daga Yuni, wanda ya ga dama ya yi dariya.

Abu ɗaya ne ya rage wanda babu mai gaya mini, tunda an wanke wayar. Ka samu ka danna kafin a kira ka? Ko kana jiran ta sauka ne? Ban sani ba, kuma ba zan sani ba a wannan duniya. In ka samu, to namu ya zama biyu. In ba ka samu ba, kada ka damu, ni na danna.

Ka huta lafiya a hannun Ubangiji, sai ranar da muka sadu.

Taka har kullum,
Rifkatu, Maman Godiya